Nana Asma'u 'Yar Shehu (1793–1864): Kakar da Ta Mayar da Kakanni Malamai

Duk wanda ya tashi a babban gida irin na ƙasar Hausa ya san cewa ɗakin kaka daban yake da sauran ɗakuna. Nan ne mafakar yaro idan ya yi laifi, nan ake ajiye masa ɗumame da ƙanzo, nan yake sauraron tatsuniya bayan sallar isha'i, sau da yawa ma nan ake kai shi yaye. Kaka takan kira jikanta namiji mijinta, ta kira ta macen kishiyarta, a cikin wannan raha kuwa take cusa musu ladabi da sanin dangi da tsoron Allah, ba tare da sun ji nauyin darasin ba.

A wannan shafi za mu waiwayi rayuwar wata kaka wadda tarihi ya adana sunanta, wato Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. An fi saninta da malanta da rubuta waƙoƙi, kuma ta cancanci hakan. Amma akwai abin da ya kamata mu mazauna birane mu lura da shi a rayuwarta. Ta rayu har ta ga jikanta ya zama Wazirin Sakkwato, sannan ta fahimci cewa tsofaffin mata su ne hanya mafi aminci ta shigar da ilimi cikin gidajen karkara, ta kuwa gina babban aikinta a kansu.

Asalinta da tasowarta

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir ta wancan zamani, a shekarar 1793. 'Yan biyu aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da an raɗa mata sunan tagwaye, amma mahaifinta ya zaɓa mata sunan Asma'u, 'yar Sayyidina Abubakar Siddiƙu. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, saboda haka sauran matan Shehu ne suka rene ta, cikinsu har da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Wannan ya sa shaƙuwa mai ƙarfi ta shiga tsakaninta da yayan nata Bello, shaƙuwar da ta ɗore har ƙarshen ransa.

Gidan da ta tashi a cikinsa ya daɗe da sanin darajar ilimin mata. Mahaifiyar Shehu, Hauwa'u, da kakarsa Ruƙayya, duk mata ne masu karatu. Shehu da kansa, a cikin littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausan suka ga malaman da suke karantar da almajirai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Abin da ya faɗa a littafi shi ya aikata a gidansa. Asma'u ta yi karatun Alƙur'ani, ta shiga fiƙihu da tauhidi da tasawwufi bisa ɗariƙar Ƙadiriyya, ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin harshen Azbinawa. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ƙuruciya cikin hijira da yaƙi

Asma'u ba ta wuce shekara 11 ba lokacin da zama ya gagara tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, ita ma tana cikin ayarin. A watan Yuni na wannan shekara aka yi yaƙin Tabkin Kwatto, inda jama'a ta yi nasara. Kafin shekarar ta ƙare sai aka gamu da mummunar asara a Tsuntsuwa, inda aka ruwaito cewa mahaddata Alƙur'ani kusan 200 suka kwanta dama. Daga nan jama'a ta yi ta sauya mazauni, ta zauna a Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara, sannan ta isa Gwandu a 1805, ga yunwa, ga cuta, ga fargabar hari dare da rana. Sai a 1808, da birnin Alƙalawa ya faɗi, hankali ya fara kwanciya.

Yarinyar da ta ga waɗannan abubuwa da idonta ta san abin da yaƙi yake bari a baya: zawarawa, marayu, da mata kamammu da aka raba da garuruwansu aka kawo su cikin mutanen da ba su sani ba. Wannan sani shi ne ya fuskantar da aikinta daga baya.

A cikin waɗannan shekaru, wajejen 1807, aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, babban aminin Muhammadu Bello. Da aka kafa birnin Sakkwato a 1809, can zamansu ya koma, a unguwar da ake kira Giɗaɗawa. Shehu ya rasu a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo kuma ya zama wazirinsa. Ke nan Asma'u, tana da shekara 24, ta kasance 'yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, kuma uwargidan Waziri. Gidan waziri kuwa gida ne na baƙi da wasiƙu da littattafai, domin ta hannunsa ake hulɗa da sarakunan gabas. Wata macen da ta samu wannan matsayi da ta wadatu da jin daɗinsa. Ita kam sai ta mai da shi hanyar hidima.

Alƙalaminta

Bayan rasuwar Shehu, Asma'u ta taka muhimmiyar rawa wajen tattara rubuce-rubucensa da adana su. Ita ma ta kama rubutu, a 1820 ta wallafa Tanbihul Gafilina da Larabci. Ayyukanta da suka iso hannun mutanen wannan zamani sun kai kimanin 60, cikin harsuna uku, kuma kowane harshe da mutanen da take nufi da shi. Larabci na malamai ne, na gida da na nesa, har da wani malami ɗan ƙasar Shingiɗi, wato Muritaniya ta yau, wanda ta yi wa waƙar maraba. Fulatanci na danginta ne da jama'ar farko ta Shehu. Hausa kuwa ta talakawa ce, mafiya yawa, musamman mata.

Misali guda ya isa ya nuna yadda take tunani a matsayin mai koyarwa. A 1829 ta tsara wata waƙa da Fulatanci mai suna Sunago, wadda ta jero sunayen surorin Alƙur'ani 114 a cikin baitoci 30 kacal, daga baya a 1838 ta mayar da ita Hausa. Matar da ba ta taɓa riƙe allo ba tana iya haddace wannan waƙa tana kaɗi ko tana niƙa, ta wayi gari ta san sunan kowace sura. Haka kuma ta fassara waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa. Da Bello ya rubuta Kitabun Nasiha a kan salihan mata na tarihin Musulunci, ita ce ta mayar da saƙon littafin waƙa cikin Fulatanci da Hausa, wadda aka sani da Tawassuli ga Mata Masu Albarka, domin matan ƙasar nan su san suna da magabata abin koyi. Ta rubuta Goɗaben Gaskiya a kan wajiban addini da sakamakon lahira, ta rubuta Tabshirul Ikhwan a kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani. Ta kuma adana tarihin jihadi a waƙe, kamar waƙarta ta yaƙin Gawakuke na 1836, da wadda ta bi sawun hijirar Shehu zango-zango, wadda ƙanenta Isa ya mayar Hausa da sunan Waƙar Gewaye.

'Yan taru: makarantar kakanni

Sarkin Musulmi Bello ya rasu a Wurno a 1837. A 'yan shekarun da suka biyo baya ne Asma'u, tana tsakiyar shekarunta na arba'in, ta tsara aikin da ya fi kowane ɗorewa a bayanta. Matsalar da ke gabanta a fili take. Ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno cike suke da mata waɗanda ba su da masaniya a kan tsarki da salla da haƙƙoƙinsu na aure da gado, da yawansu kuma bori ne mafakarsu idan ciwo ko baƙin ciki ya same su. Matar aure mai goyo da girki ba ta da halin barin gidanta ta yi tafiyar kwanaki neman karatu. Malami namiji kuma ba shi da ikon shiga cikin gidajen mutane.

Asma'u ta duba ta ga akwai mata iri biyu da al'ada ta sakar wa mara: 'yan matan da ba su kai aure ba, da dattijan mata da suka wuce shekarun haihuwa. Sai ta haɗa su. Daga kowane yanki takan zaɓi dattijuwa mai hankali da amana, wadda mutanen garinta suka yarda da ita, ta naɗa ta jaji. Wannan suna an aro shi ne daga fatake, domin jaji shi ne mai jan gaban ayari. Alamar naɗin ita ce malafa da aka naɗe da jan rawani. A ƙasar Gobir malafa kayan Inna ce, wato 'yar gidan sarauta mai shugabantar mata da 'yan bori, saboda haka matan karkara sun riga sun san girman mai sanye da ita. Asma'u ta ɗauki alamar da suka saba girmamawa ta ɗora ta a kan malama. Wannan hikima ce ta wanda ya san mutanensa, domin ba ta tsaya zagin abin da suka gada ba, ta ba su abin da ya fi shi a cikin sutura da suka gane.

Jaji takan jagoranci ayarin tsofaffi da 'yan mata, su tako da ƙafa har gidan Nana. Waɗannan su ake kira 'yan taru. Sukan zo da 'yar sadakarsu ta hatsi da zuma da man shanu da zare, ita kuwa takan raba wa mabuƙata da naƙasassu. Sukan zauna su ɗauki karatu, su haddace waƙoƙi, su kawo tambayoyin da matan garinsu suka aiko su da su, sannan su koma gida da amsa. A can kuma su shiga gida-gida suna koyarwa. Aikinsu bai tsaya ga karatu ba. Su ne masu wankan gawar mata bisa sunna, masu jinyar marasa lafiya, masu kula da tsabtar masallaci, masu sasanta ma'aurata da kishiyoyi.

Idan mai karatu ya natsu a kan wannan tsari zai ga cewa kaka da jikanya ne ginshiƙinsa. Tsohuwa tana da lokaci da kwarjini da 'yancin shiga kowane gida. Yarinya tana da kaifin hadda, kuma gobe ita ce uwa, jibi ita ce kaka. Uwar da ke tsakaninsu, wadda hidimar gida ta ɗaure, karatun yakan iske ta har ɗaki daga sama da ƙasa. Ba a gina aji ba, ba a yanka wa kowa albashi ba, amma ilimi ya ratsa ƙauyuka masu yawa. Saboda irin wannan ɗawainiya ne ake yi mata laƙabi da Uwar Gari.

Yadda take ɗaukar waɗannan mata ya bayyana a cikin marsiyyoyinta. Ta yi wa manya marsiyya, irin su Bello da mijinta Giɗaɗo da aminiyarta A'ishatu matar Bello. Amma ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta kuma yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u. Abin da take yabawa a cikinsu shi ne haƙuri, da kyauta, da riƙon zumunci, da sasanta mutane, da kula da marayu. Mulki da dukiya ba su ne ma'auninta ba, ko da a kan Sarkin Musulmi take magana.

'Ya'ya da jikoki

A cikin gidanta ma Allah ya nuna mata albarkar tarbiyya. Babban ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a wazirci a 1842, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, kuma malami ne marubuci. Giɗaɗo, a shekarunsa na ƙarshe, ya duƙufa ga rubuta tarihin Shehu da Bello, ciki har da littafinsa Raudul Jinan, a daidai lokacin da ita ma take zuba wannan tarihi cikin waƙa. Ya riga ta rasuwa da fiye da shekara goma. Wazircin Abdulƙadir ya ƙare a 1859, aka naɗa ɗansa Ibrahim Halilu. Ke nan Nana Asma'u ta ga mijinta da ɗanta da jikanta sun riƙe muƙami guda, ɗaya bayan ɗaya, tana raye. Bayan rasuwarta wani ɗan nata, Abdullahi Bayero, ya riƙe wazircin daga 1874 zuwa 1886.

Jikan da tarihi ya fi jarrabawa shi ne Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu ɗan Giɗaɗo. An haife shi a 1842, saboda haka ya yi shekara 22 a duniya tare da kakarsa, a shekarun da ayarin 'yan taru suke ta sauka a gidan. Ya zama waziri a 1886. A watan Maris na 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya nufi gabas da jama'a mai yawa, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Nauyin waɗanda suka rage, mata da yara da tsofaffi da raunana, ya faɗo a wuyan Waziri Buhari. Bai yanke hukunci da ra'ayin kansa ba. Ya tara malamai ya nemi fatawa, aka duba littattafan magabata, sannan ya komo birni ya zauna da mutane domin kada addini da karatu su watse. Daga baya ya rubuta risala yana bayyana wa ma'abota ilimi dalilansa da irin damuwar da ya shiga. Komawa ga littafi a lokacin tsanani, da fifita maslahar raunana, halaye ne da aka san gidan da su tun zamanin kakarsa.

Ɗan Buhari shi ne Waziri Junaidu, wanda aka haifa a 1906, ya riƙe wazirci daga 1948 har rasuwarsa a 1997. Shi tattaɓa-kunnen Nana Asma'u ne, kuma a hannunsa takardunta suka tsira. Shi ya buɗe wa mai bincike Jean Boyd taskarsa, ta wallafa tarihin Nana a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukanta a 1997. Kaka ta adana rubutun mahaifinta, tattaɓa-kunne ya adana nata, kowa ya riƙe amanar wanda ya gabace shi.

Rasuwarta da abin da ta bari

Nana Asma'u ba ta ajiye alƙalami ba har ƙarshen rayuwarta. Allah ya karɓi ranta a Sakkwato a 1864, tana da shekara 71, zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanenta Isa ya yi mata marsiyya. Ƙanwarta Maryam, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo kafin ta komo Sakkwato, ita ta ci gaba da karɓar 'yan taru, bayanta kuma Tamodi ta ɗauka. Tsarin ya ratsa zamanin Turawa bai mutu ba, domin ba a kan fada ko baitulmali aka kafa shi ba. A kan tsofaffin mata aka kafa shi, su kuwa babu garin da ya rasa su. Makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata da dama a Arewacin Nijeriya suna ɗauke da sunanta.

Abin lura gare mu

Da yawanmu neman abinci ya kai mu Kano da Kaduna da Abuja da Legas da wasu wurare masu nisa. 'Ya'yanmu suna tasowa a gidajen da babu ɗakin kaka, wasunsu ba sa ganinta sai da salla ko biki, wasu ma harshen da za su gaisa da ita yana neman kuɓuce musu. Mukan aika mata da kuɗin cefane da na magani da turmin atamfa, wannan kuwa wajibi ne kuma abin yabo. Sai dai mukan manta cewa ita ma tana da abin bayarwa: sunayen kakanni da yadda dangi suka haɗu, tarihin unguwa da gonaki, addu'o'i, karin magana, da sanin yadda ake zama da mutane. Duk ranar da aka binne tsohuwa ba a karɓi waɗannan daga bakinta ba, an binne su tare da ita.

Nana Asma'u ba ta ɗauki tsohuwa a matsayin wadda aikinta ya ƙare ba. Ta ɗora mata malafa ta ba ta aiki, ta haɗa ta da yarinya su yi tafiya tare. Mu ma muna da ikon yin kwatankwacin haka gwargwadon hali. Mu riƙa kai yara gida lokacin hutu su kwana biyu a ɗakin kaka, ba su gaishe ta a tsaye su koma mota ba. Mu zauna da ita mu rubuta ko mu naɗi abin da ta sani tun tana da ƙarfin faɗa. Mu tallafa wa makarantun matan aure da na dattijan mata a garuruwanmu, mu kuma tsaya a kan karatun 'ya'ya mata, domin yarinyar da aka ilimantar yau ita ce za ta tarbiyyantar da jikokinmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, hannun kaka kuwa ya fi kowane hannu sanin yadda ake tanƙwarawa ba a karya ba.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da mahaifanta da zuriyarta, ya jiƙan kakanninmu da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda suke raye kuma ya ƙara musu lafiya, ya ba mu ikon kyautata musu da amfana da su. Amin.